Kwana Arba'in, Littafi Huɗu

A Kwangila na faɗi, ranar wata Laraba,
ɗan acaɓa ya kauce wa rami, ni ban kauce ba.
Maɗori ya ja ƙafar har na kira sunan kakata,
ya ɗaure da kara, ya ce, kwana arba'in, kada ka taka.

Ni da ban san zama ba sai a kan keken ɗinki,
ga ni kwance ina ƙirga azara.
Sai Uwani, 'yar ƙanwata, ta shigo da leda,
littafi huɗu na haya daga shagon Tanimu a Tudun Wada.
"Kawu, kuɗinsu kullum ne. Kada miya ta taɓa su."

Na farko ya mai da ni zamanin da ake rufe ƙofar gari da magariba.
Wani marini ne, hannunsa shuɗi har gwiwa,
ya ɓoye ɗan maƙiyinsa a bayan karofi, shekarar yunwa,
yana raba masa loma biyu cikin uku.
Na leƙa ta taga, ga ragowar ganuwar unguwarmu,
awaki a kai, yara na zamiya.
Sai na ji kunyarta,
kamar na shekara ina wuce dattijo ban gaishe shi ba.

Na biyu, an tsinci gawar akawun tashar jirgi,
agogonsa ya tsaya ƙarfe uku da kwata.
Na zargi mai gadi. Na zargi mai shayi.
Har ɗan sandan da ke binciken ban yarda da gashin bakinsa ba.
Dare ya raba, aka ɗauke wuta, na kunna fitilar waya,
sauro na cizo ban kula ba,
na kai shafi na ɗari da tamanin da shida,
"Wanda ya kashe shi yana cikin ɗakin nan, kuma shi ne"
Shi ke nan. An yage sauran.
Wani marar imani ya ƙunshe ƙosai da mai kisan kai!
Na aika wa Tanimu, ya ce wallahi haka ya saye shi a Sabon Gari.

Na uku ban so shi da fari ba.
Gari ne da ake auna inuwa a mudu,
wata yarinya ta jinginar da tata, ta sayo wa garinsu ruwan sama,
ta rayu babu abin da ke bin ta a baya.
Da la'asar na dubi tawa a jikin bango,
ita ma ƙafarta ɗaure.
Na ce, baiwar Allah, ke ma? Shekara hamsin da biyu kina bi na,
ban taɓa tambayar ki ko kin gaji ba.

Na huɗu kuwa, ɗan takarar kansila ne
da tunkiya ta cinye masa rabin jawabi,
ya hau dandamali ya karanta abin da ta rage,
ya yi wa jama'a alkawarin rabin gada.
Na yi dariya har ɗorin ya amsa,
Ladingo ta bar tuwo a wuta ta shigo a guje,
ta same ni ina hawaye, ta rasa na wanne ne.

Jiya aka kwance karan.
Ƙafar ta rame kamar ba tawa ba, amma ta kai ni bakin titi.
Bashin Tanimu ya kusa kamo na maɗori,
zan biya da ɗinkin salla.

Sai dai yanzu duk inda na ga ana suya, na tsaya.
Mai ƙosan Ƙofar Doka ta fara yi mini kallon taɓaɓɓe:
na saya, na juye a tafin hannu, zafi na cin yatsuna,
na miƙe takardar mai maiƙo ina dubawa a rana,
ko Allah zai sa in san wanda ya kashe akawun nan.